Latas Shida a Barandar Baya

Ran kwana na ashirin da ɗaya, Auta ta dawo daga makarantar da take koyarwa, ko jaka ba ta ajiye ba ta wuce barandar baya. Ta ɗaga murfin robar da take renon latas a ciki, wari ya buge ta.

Ba warin taki ba ne. Irin warin tsumman goge-goge ne da aka manta a bokiti kwana uku. Ta durƙusa ta leƙa. Saiwoyin latas ɗin da makon jiya suke farare tas kamar zaren ɗinki, yau sun koma ruwan ƙasa, sun yi yauƙi, sun manne da juna. Famfon iska na ta gurnaninsa a gefe, kumfa na tashi, kamar ba abin da ya faru.

Ta duba jan layin da ta ja a cikin robar. Da safe ruwa yana kansa daidai. Yanzu ya haura shi da yatsu uku. Kwanaki ke nan tana ragewa, tana zaton ita ce ba ta auna daidai ba.

Ruwa ba ya ƙaruwa da kansa. Wani ne a gidan nan yake kashe mata aure.

Maganar ta faro ne ranar da Dogo ya zo gaida Baba. Shekara biyu suna tare da Auta, sai ranar ya samu shiga falo. Baba kuwa shekara talatin da biyu ya yi yana malamin gona kafin ya ajiye aiki. Har yau in ya ga ƙasa mai kyau a bakin hanya sai ya tsaya ya murza ta a yatsa.

"Gonarka eka nawa ce?" in ji Baba.

"Ba ni da gona, Baba. A saman bene nake noma. A cikin ruwa."

"Shinkafa?"

"Latas da na'ana'a. Ba ƙasa ko ƙwaya ɗaya. Otal uku da wani kanti nake kai wa."

Da a nan ya tsaya, da wataƙila ya tsira. Amma Dogo in ana maganar sana'arsa bakinsa ba ya jin birki.

"Ai abu ne mai sauƙi, Baba. Ko wanda bai taɓa riƙe fartanya ba zai iya."

Baba ya dubi tafin hannunsa. Ya yi wani murmushi da duk 'ya'yansa suka sani, suke kuma gudu.

"Madalla. Ga wadda ba ta taɓa riƙe fartanya ba nan. Ka haɗa mata kayanka ka tafi. Kwana arba'in, ba hannunka ba bakinka, ba waya, ba saƙo. Ka dasa shida. In uku suka kai faranti, sana'a ce, ka turo manyanka. In ba su kai ba, wasan yara ne, ni kuma ba na ba da 'yata ga mai wasa."

Washegari Dogo ya zo da kaya, ya haɗa su a gaban Baba. Baƙar roba mai cin ruwa bokiti biyu, da murfi mai huda shida. A kowace huda ƙaramin kofi mai raga, cike da tsakuwar yumɓu, da ɗan latas mai ganye uku a tsakiya. Famfon iska irin na tankin kifi, jone da akwatin batir saboda ɗaukewar wuta. Siririn tiyo daga famfon zuwa wani dutse a ƙasan ruwa, daga nan kumfa ke tashi. Takin ruwa kwalba biyu, da takardar gwajin tsami.

Yana aiki yana magana da robar, don ba shi da ikon kallon Auta.

"Saiwa tana son duhu, kada a bar murfi a buɗe. Da zarar ta sauko cikin ruwa, a rage ruwan ya tsaya yatsu biyu ƙasa da gindin kofi. Wannan sararin da shi take numfashi. Tsami ya tsaya kusa da shida. Duk kwana goma a zubar a sake sabo. Famfo kuwa ba ya tsayawa. Ko na awa ɗaya."

Ya so ya rubuta mata ƙarin bayani, Baba ya hana.

"Abin da kake ba kowa, shi za ka ba ta."

Sai ya miƙa mata takardar nan mai shafi ɗaya da yake ba duk wanda ya sayi kayansa. Ya sauka ya tafi. Tun ranar ba ta sake jin muryarsa ba.

Yanzu ta ciro takardar daga jaka, duk da ta haddace ta. Layin ƙarshe bai canza ba: In saiwa ta canza launi tana wari, kada ka yi komai, ka kira ni. A ƙasa ga lambar wayarsa.

In ta kira, ta karya sharaɗi. In ba ta kira ba, latas ya mutu. Duk inda ta juya, bango ne.

Ta mayar da murfin, ta nufi ɗakin Gwaggo.

Gwaggo ƙanwar Baba ce, tun rasuwar mijinta take zaune da su. Ita ce ta fara kiran Dogo "Mai Bokiti", sunan ya bi gida. Auta ta same ta a kan gado tana yanke farce.

"Gwaggo, me na yi miki?"

"Ikon Allah. Babu sallama sai tuhuma?"

"Wa yake zuba ruwa a robata?"

Gwaggo ta ajiye abin yankan, ta kalle ta sama da ƙasa.

"Ni? Da wannan gwiwar tawa zan ɗauki ruwa in kai wa ganyen Mai Bokiti? Ke, ko mijina da yana raye sai ya yi kira uku kafin in kai masa na sha."

"Kowa ya san wanda kike so."

"Na ɓoye ne? Dakta nake so ki aura, kuma gobe ma shi nake so. Mutum da asibitinsa, da motarsa, da haƙurinsa. Shekararki ashirin da bakwai, Auta. Sa'o'inki suna kai yara makaranta, ke kina gadin kumfa. Amma ni in zan kashe abu, da rana tsaka zan tuntsurar da shi kina kallo. Ba na aikin ɓoye."

Abin haushin, Auta ta san gaskiya ta faɗa.

Da la'asar Dakta ya zo. Likitan haƙori ne, ɗan aminin Baba, mutum mai tsabta da sanyin murya. Ba shi da wani aibu da za ta nuna, wannan ma ya fi komai ƙona mata rai. Mama ta sa ta kai masa shayi.

"Ranki ya daɗe, Malama. Ya gonar?"

"Tana nan."

"Idonki ya yi ja."

"Alli ne."

Ya jawo wata leda daga gefen kujera ya ɗora a tebur.

"Na biya kanti na ga wannan, na ce bari in nuna miki. Latas ne, mai kyau kuwa. Kin ga, abin da ake shiga kanti a ɗauko cikin minti biyu, bai kai mutum ya rame a kansa ba." Ya kurɓi shayi. "Ni ba na gaggawa. Baba ya ce kwana arba'in, na ce ko tamanin ne. Amma ki yi tunani. Rayuwar da in wayar wuta ɗaya ta zare komai ya mutu, rayuwa ce?"

Idon Auta na kan ledar. An ɗaure gindin latas ɗin da koren zaren roba, zagaye biyu da ƙulli a gefe. Mutum ɗaya ta sani mai irin wannan ɗaurin. Dakta ya shiga kanti ya sayo ganyen Dogo, ya kawo mata har gida, bai sani ba.

Ta ɗauki ledar ta kai kicin. Ta cire koren zaren robar ta sa a wuyan hannunta, ta ja hannun riga ta rufe. A nan ta tsaya ta yi kukanta, famfon wanke-wanke a buɗe don kada a ji.

Washegari ta yi shiri kamar kullum, ta gaida Baba, ta gaida Mama, ta fita ƙarfe bakwai da rabi. Ta kai bakin titi, ta kira shugabar makaranta ta ce za ta makara. Ta tsaya bayan wani shago har takwas ta wuce. Sannan ta dawo, ta hau matakala da takalmi a hannu.

Tun daga kicin ta kasa kunne. Shiru. Babu gurnanin famfo.

Ta tura ƙofar baranda.

Mama ce durƙushe gaban robar, da buta a hannu, tana tsiyaya ruwa a hankali ta gefen murfi. Wayar famfo na ajiye a ƙasa, an naɗe ta da kyau kamar ta dutsen guga.

"Mama."

Butar ta kusa suɓucewa.

"Ke! Ba kin tafi ba?"

"Mama, ke ce?"

Mama ta miƙe tana goge hannu a zani. Ta leƙa kicin ta ga ba kowa, ta ja ƙofa ta rufe, ta rage murya.

"Kada ki gaya wa babanki. In ya ji ina taimakonki, ba zaman lafiya."

"Taimako?"

"To me? Na ga kin bar su da ƙishi, ruwa can ƙasa, rabin saiwa a waje. Na ce yarinyar nan aiki ya yi mata yawa. Kullum in kin fita sai in cika musu." Ta nuna famfon. "Wannan kuma na taɓa shi ran nan na ji zafi. Dare da rana yana aiki. In ya ƙone kafin arba'in fa? Wa zai ba ki wani? Keken ɗinki ma ana barinsa ya huta. Sai nake cire shi in kin tafi, in mayar kafin ki dawo."

"Tun yaushe?"

"Yau kwana goma sha uku, ina ji."

Auta ta zauna a ƙasa, a kan jiƙaƙƙen siminti, da kayan aikinta. Awa shida kullum ba iska, cikin zafin rana. Ruwa har wuyan shuka. Takin da take aunawa da cokali, ana tsinka shi da ruwan buta. Ta ɗaga murfin.

Warin ya taso. Mama ta leƙa. Ta daɗe tana leƙawa.

"Da haka suke?"

"Da farare ne."

"Ni na yi wannan?"

"Da kumfar suke numfashi, Mama. In ta tsaya, nutsewa suke yi."

Mama ta dafa bango ta sulale ta zauna kusa da ita. Tun da aka fara maganar Dogo, ko kalma ɗaya ba ta taɓa sa wa ba. Ita ke dafa wa Dakta shayi, ita ke cewa a bi abin da Malam ya ce. Auta ta daɗe da lissafa ta a ɓangaren Baba.

"Shekara talatin da biyar ban taɓa musa wa babanki ba," in ji Mama, hawaye na bin fuskarta. "Yayyenki duka abin da ya ce shi aka yi. Ke kuma na ga yadda kike dawowa in kin gan shi, yaron nan. Har waƙa kike yi a wanke-wanke. Na ce ba ni da bakin magana, amma ko da ruwa ne na taimaka. Ashe da hannuna nake yanka ki."

"Ki daina, Mama."

"Ina zan daina? Na yi ta jin daɗi ni kaɗai, ina cewa ranar da za a ci ganyen nan da hannuna a ciki."

"Da kin tambaye ni."

"In tambaye ki, ki zama kin haɗa baki da ni? Na ce in abin ya tonu, ni kaɗai ya faɗa wa."

Auta ta jona wayar famfon. Gurnani ya dawo, kumfa ta tashi tana kaɗa ruɓaɓɓun saiwoyi. Mama ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙe.

"Tashi. Gun babanki za mu."

Baba na falo da tabarau yana karatu. Ya saurari Mama har ta gama, bai katse ta ba. Gwaggo ta fito ta tsaya bakin ƙofa, ta harɗe hannu.

"To, an wanke ni. Wa zai ba ni haƙuri?"

Ba wanda ya kula ta.

"Malam, laifina ne," in ji Mama. "Ba na yarinyar ba, ba na yaron ba. Ka bari a sake dasawa, a sake ƙirga."

"Ba a sakewa. A gona ma akuya tana shiga, ba wanda yake sake wa manomi ƙirga."

"Ni ce akuyar?"

"Misali na yi." Ya cire tabarau. "Na ce arba'in, arba'in ne. Ke Auta, me takardarsa ta ce?"

Ta miƙa masa. Ya karanta daga sama har ƙasa, ya tsaya a layin ƙarshe. Sai ya ɗauki wayarsa daga hannun kujera, ya ajiye ta a tebur a gabanta.

"Ga shi ya ce a kira shi. Kira shi. Shukarki ta rayu, magana kuma ta ƙare, don ya tabbata ba ya yiwuwa sai da shi. Ko ki bar su su mutu, magana ta ƙare. Zaɓi ya rage naki."

Auta ta kalli wayar. Kwana ashirin da biyu ba ta ji muryarsa ba. Lambar na kanta, ko a barci za ta iya dannawa. Ta ji koren zaren robar nan na matse mata wuyan hannu.

Ta tura wayar ta koma gabansa.

"Ba zan kira ba."

"To shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba, Baba." Ta matso gabansa. "Ina ƙarama mutane suke zuwa ƙofar gidanmu da shuka a leda. Wani daga nesa, ba ka san shi ba, bai san ka ba. Kana cin abinci za ka tashi. Ban taɓa ganin ka tambayi mutum wa ya ba shi iri ba. Shi ka hana sa hannu, shi ka hana sa baki, kuma bai sa ba. Ni manomiya ce, shukata ba ta da lafiya, na zo gun malamin gona. In ka daina wannan aikin, ka gaya mini in tafi."

Daga can baya ana jin gurnanin famfo.

"Yaya, kada ka biye mata," in ji Gwaggo. "Wayo ne."

"Na san wayo ne."

Ya kalli takardar, ya kalli taga. Sai ya mayar da tabarau, ya dafa gwiwa ya miƙe.

A baranda ya tsuguna da ƙyar. Wannan ne karo na farko da ya taɓa robar. Ya zaro kofi ɗaya, ya ɗaga saiwar sama, ya shinshina, ya murza ta a yatsa kamar yadda yake murza ƙasa. Fatar ta saɓule ta bar siririn zare.

"Ruɓewar saiwa ce. Haka take yi in ruwa ya kwanta a gona, iska ta ƙare. Ciwo ɗaya ne."

Auta ta ji abin da ya faɗa: ya haɗa robar da gona. Ba ta nuna ba, don ta san in ta nuna ta ji, zai janye.

"Almakashi. A tafasa shi tukuna. Ke kuma zubar da ruwan nan duka, ki wanke robar da bilic, ki ɗauraye sau uku. Tiyon ma, da dutsen. Sabon ruwa mai sanyi, taki rabin abin da kika saba. Mara lafiya ba a cika masa ciki."

Mama ta ruga kicin. Auta ta tattare hannun riga, koren zaren robar ya fito fili. Baba ya gani, ya kau da kai.

Ɗaya bayan ɗaya ya bi su. Na farko ya taɓa gindinsa, yatsa ya nutse, ya jefa a kwandon shara. Na biyu haka. Na uku ya yanke ruɓaɓɓen, sai ga fararen saiwoyi a sama kusa da kofi, ya miƙa wa Auta. Na huɗu shara. Na biyar ya tsira, har ya fi na uku ƙarfi.

Uku a kwando, biyu a hannu.

Na shida ya daɗe a hannunsa. Ganyen ya yi laushi, ya sunkuya. Baba ya yi ta yanka, yana ɗauraye almakashi, yana sake yanka, har ba abin da ya rage sai farin zare ɗaya tak, bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

"Baba, wannan fa?"

"Biyu nake gani. Uku na ce."

"Wannan ɗin zai tashi?"

"Ban sani ba." Ya juya kofin a hankali. "Wannan ɗan zaren sai ruwa ya taɓa bakinsa kawai, kada ya wuce. Ki cusa kofin ƙasa kaɗan, shi kaɗai. Kuma a matsar da robar daga ranar la'asar, ruwan na ɗumi."

Suka mayar da ukun, suka toshe sauran hudar da kwali don haske kada ya shiga. Baba ya ɗora tafin hannu a kan famfon, ya ji ɗuminsa, ya dubi Mama.

"Haka yake aiki. Kada wanda ya sake tausaya masa."

Mama ta sunkuyar da kai.

Auta ta tsaya da jiƙaƙƙiyar riga tana kallon kofi na shida. Ba a ba ta Dogo ba. Ba a kuma hana ta ba. Duk aurenta na rataye da zare ɗaya da ba ta da ikon yi masa komai, sai jira.

Gwaggo ta leƙo da waya a kunne, ta toshe bakin wayar da hannu.

"Yaya, mahaifin Dakta ne. Wai ya ji ganyen ya mutu, yana tambaya wace rana za su zo."

Baba ya jawo kujerar roba ya ajiye gefen famfon, ya zauna. Bai ɗaga ido daga kumfar ba.

"Ce masa saura kwana goma sha takwas."